Jagororin Waƙa a Dogon Kiɗan Turawa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa idan aka ambaci waƙa, sunan mawaƙi ake fara kira, a ce ta Shata ce, ko ta Narambaɗa, ko ta Ɗanƙwairo, kuma ba kasafai mai sauraro yakan tsaya tambayar sunan mai kalangu ko mai kotso ba, domin kuwa jagora shi ne madugu uban tafiya, makaɗa da 'yan amshi kuwa aikinsu su shimfiɗa masa inda zai zauna ya zuba abin da ya zo da shi. To, a ƙasar Ingila, wajen ƙarshen shekarun 1960, wasu samari sun ƙago wani irin kiɗa wanda ya kifar da wannan tsari, ta yadda makaɗa suka zama su ne sarakunan fage, mawaƙi kuwa yakan tsaya a gaban dubban jama'a ya yi shiru na minti biyar ko takwas yana jiran a buɗe masa ƙofa. Suna kiransa kiɗan rok na ci gaba, masoyansa kuma sukan taƙaita sunan su ce furog. Abin mamaki shi ne, duk da wannan rinjaye na makaɗa, idan masoyan nan suka haɗu har wa yau, babu mas'alar da ta fi tayar musu da jijiyar wuya kamar ta wane ne ya fi kowa murya, kowa da nasa gwani, kowa da hujjarsa, sai ka ce mabiya mazhabobi.

Asalin abin kuwa shi ne, kiɗan rok daga Amurka ya fito, tushensa waƙoƙin baƙar fata na ƙasar, kuma a farkon al'amarinsa waƙa ba ta cika wuce minti uku ba, gwargwadon abin da ƙaramin faifan garmaho zai ɗauka da abin da gidan rediyo zai yi haƙurin sawa, zancenta kuwa soyayya da rawa. Tun 1948 akwai babban faifai wanda kowace fuska tasa ke ɗaukar minti ashirin da ɗoriya, amma mawaƙan rok sun daɗe suna cika shi da gajerun waƙoƙi goma ko sha biyu, har zuwa 1967 da ƙungiyar Beatles ta fitar da faifan Sgt. Pepper, wanda ya nuna wa na baya cewa ana iya ɗaukar faifai sukutum a mai da shi aiki guda, kamar yadda mawallafi ke tsara littafi babi-babi. Samarin da suka ɗauki wannan darasi, da yawansu sun koyi fiyano a hannun malamai, wasu sun yi waƙar coci tun suna yara, kunnuwansu sun cika da kiɗan taro na tsofaffin gwanayen Turai, saboda haka suka ce me zai hana a gwama wannan gado da jitar lantarki da ganguna. Suka sami wata na'ura mai siffar fiyano ana ce mata Mellotron, wadda aka ɗura wa sautin goge da sarewa a kan zaren kaset, in mutum ɗaya ya danna ta sai ka rantse taron masu goge ne. Suka bar bugu huɗu-huɗu da ƙafar mai rawa ta saba da shi, suka koma bakwai-bakwai da tara-tara, har mai son takawa ya rasa inda zai sa ƙafa. Waƙa guda kuma ta miƙe ta cinye fuskar faifai tun daga baki har cibiya.

A cikin irin wannan hali, nauyin da ke kan jagoran waƙa ba ƙarami ba ne. Sai ya san inda zai shiga a cikin bugun da ba shi da daidaito, sai ya iya sassauta murya har ta zama kamar raɗa sa'an nan ya ɗaga ta ta keta rugugin kayan kiɗa biyar, sau da yawa kuma baitocin da yake rerawa ba shi ya tsara su ba, wani ne can gefe ya rubuta ya miƙa masa. Bayan wannan duka, shi ne mai sauraro ke riƙewa. Wanda bai san sirrin jita ba, bai kuma iya ƙidayar bugu ba, idan kiɗa ya shiga daji da shi na minti goma, muryar ɗan Adam ce yake jira ta dawo ta nuna masa hanya, kuma a ganina wannan shi ne dalilin da ya sa jayayya ta fi zafi a kan mawaƙan, alhali makaɗan sun fi su shan wahalar koyo.

Masu tarihin abin sun kusa yin ijma'i a kan cewa faifan farko da ya tara siffofin furog cif shi ne na ƙungiyar King Crimson, In the Court of the Crimson King, wanda ya fito a watan Oktoba na 1969, 'yan watanni bayan sun yi wasa a dandalin Hyde Park na Landan gaban dubban ɗaruruwan mutanen da suka zo kallon Rolling Stones. Jagoran waƙarsu Greg Lake ne, ɗan garin Poole, yana da shekara ashirin da ɗaya a lokacin, baitocin kuwa na Peter Sinfield ne, wanda ba ya hawa dandamali ya yi waƙa. A waƙar farko ta faifan an bi da muryar Lake ta cikin na'ura an dagula ta har ta zama kamar tsawar mahaukaci cikin gwangwani, amma kafin fuskar faifan ta ƙare sai ga shi a waƙar Epitaph da murya tatacciya, mai faɗi, mai natsuwa, irin ta mai karanta wasiyya. Bai daɗe a nan ba, domin a 1970 ya haɗu da Keith Emerson da Carl Palmer suka kafa ƙungiyar da suka sa wa sunayensu uku, kuma waƙar da ta fara fito da su a rediyon Amurka, Lucky Man, ya tsara ta ne tun yana yaro ɗan shekara goma sha biyu. Shi da Emerson duk sun rasu a 2016.

Sai Jon Anderson na ƙungiyar Yes, wanda in an yi ƙuri'a tsakanin masoya ba mamaki shi zai zo kan gaba. An haife shi a 1944 a Accrington, wani garin masaƙu a arewacin Ingila, ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha biyar, ya yi ƙodago a gona, ya tuƙa babbar mota, ya yi rabon madara gida-gida, kafin ya gangaro Landan ya sami ɗan aiki a wani gidan shaƙatawa na unguwar Soho, inda ya gamu da Chris Squire a 1968 suka kafa ƙungiya. Muryarsa siririya ce, can sama take, wanda ya fara jinta yakan zaci mace ce ko yaro, wasu kuma su ce maƙe murya yake yi. Shi kuwa ya sha faɗa cewa halittarsa ce haka, kuma duk wanda ya ji shi yana hira ya san gaskiya ya faɗa, don ko maganarsa ta yau da kullum a can sama take. Squire ya yi waƙar coci yana yaro, saboda haka ya san yadda ake jera muryoyi hawa-hawa, kuma daga haɗuwar muryarsa da ta Anderson aka sami amon da ake gane Yes da shi tun daga nesa.

Inda ake saɓani a kansa shi ne baitocinsa. Malaman balaga sun daɗe suna muhawara a kan lafazi da ma'ana, wanne ne ya fi cancantar a gabatar. Anderson dai ya yanke wa kansa hukunci, domin ya bayyana cewa sau da yawa amon kalma yake dubawa kafin ma'anarta, ya jera ta inda za ta yi daɗi a kunne, ma'ana ta biyo baya in ta ga dama. Saboda haka Baturen da aka haifa cikin Ingilishi ma yakan saurari waƙar Close to the Edge ta 1972, mai minti goma sha takwas da wani abu, ya tashi bai iya gaya maka abin da aka ce ba, sai dai tawili, kowa da nasa. Ni kuwa ina ganin wannan rahama ce ga baƙon harshe, don ya sa mu da mai harshen mun zama ɗaya a gabanta. Akwai wani wuri a tsakiyar waƙar inda ganguna ke ɗaukewa ɗif, ba ka jin komai sai wani amo kamar ɗigar ruwa cikin kogo, muryoyi biyu suna ta kai-da-kawo a ƙasa, ta Anderson tana shawagi a bisansu tana hawa sannu-sannu, har sai ta kai inda ka ce numfashinsa zai yanke, sai babbar ogan ta coci, wadda makaɗin ƙungiyar Rick Wakeman ya je ya kaɗa a wata tsohuwar majami'a ta Landan, ta ɓarke ta cika ko'ina. Wanda bai ji tsikar jikinsa ta tashi a nan ba, to, wannan kiɗa ba nasa ba ne, ya haƙura.

Amma fa kowane gwani da ranar zarce gona da iri. A 1973, yana wani masauki a birnin Tokyo, Anderson ya ci karo da wata doguwar hashiya a ƙasan shafin littafin wani malamin Hindu mai suna Yogananda, wadda ta kasa littattafan addininsu kashi huɗu, sai ya ƙudura niyyar yi wa kowane kashi waƙa mai cin fuskar faifai guda. Mun saba ganin matani ya haifi sharhi, sharhi ya haifi hashiya; wannan karo hashiya ce ta haifi faifai biyu, na minti tamanin, mai suna Tales from Topographic Oceans. Ya hau kan gaba a kasuwar Ingila, amma 'yan jarida suka yi masa kaca-kaca, Wakeman kuma ya gundura har, kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, aka kawo masa abinci ya zauna bayan kayan kiɗansa yana ci a tsakiyar wasa a Manchester, daga baya ya bar ƙungiyar. Darajar muryar Anderson ta ƙara bayyana ne a 2008, lokacin da ciwon numfashi ya kwantar da shi: abokansa ba su jira shi ba, amma da suka tashi neman madadi sai suka ɗauko wani ɗan Kanada, Benoît David, wanda dama sana'arsa ita ce kwaikwayon Anderson a wata ƙungiyar masu maimaita waƙoƙin Yes. Watau dai an iya raba mutumin da kujerarsa, amma ba a iya raba waƙoƙin da muryarsa ba.

Peter Gabriel na ƙungiyar Genesis wani iri ne dabam, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe. Ɗan masu hali ne, an haife shi a 1950, ya yi karatu a Charterhouse, makarantar kwana ta 'ya'yan manya wadda aka kafa tun 1611, kuma a can ne shi da abokan karatunsa, Tony Banks da Mike Rutherford da Anthony Phillips, suka haɗa ƙungiya a 1967. Abubuwa biyu suka gina kunnensa, waƙoƙin ibada da ake rerawa a cocin makaranta, da kuma muryar Otis Redding, baƙin Ba'amurke mai waƙa kamar ransa zai fita. Muryar Gabriel ba ta da zaƙin ta Lake, ba ta kai tsawon ta Anderson ba, akwai dusashewa a cikinta kamar ta wanda ya kwana yana kira. Sai dai a cikin maƙogwaron nan guda akwai mutane da yawa, domin a waƙa ɗaya zai yi maka muryar tsoho, ya yi ta yaro, ya yi ta azzalumin mai gidan haya da ta talakan da aka kora, kamar mai tatsuniya da ya san aikinsa.

Yadda ya zama ɗan wasan kwaikwayo kuwa, larura ce ta jawo. Abokansa suna kaɗa jita mai tsirkiya goma sha biyu, wadda gyaran ɗaurinta tsakanin waƙa da waƙa yakan ɗauki lokaci, su kuma a zaune suke kiɗa, kawunansu a sunkuye, ba abin kallo a jikinsu. Don kada shiru ya yi yawa jama'a su watse, sai Gabriel, wanda asalinsa mutum ne mai kunya, ya riƙa ƙaga hikayoyi marasa kan gado yana ba su da fuska a murtuke. Daga nan abin ya ci gaba, har ranar wani wasa a birnin Dublin cikin Satumba na 1972, a wani zaure da aka saba damben zamani a ciki, inda ya sulale daga dandamali ana tsakiyar kiɗa, bai shawarci kowa ba, ya dawo sanye da jar rigar matarsa da kan yanyawa a bisa nasa kan. Zauren ya yi tsit, abokan nasa ma suka saki baki, amma ba da jimawa ba hotonsa ya hau shafin farko na jaridar mawaƙa ta Melody Maker, kuma daga ranar aka san Genesis. Waƙar da ta fi nuna iyawarsa ita ce Supper's Ready ta wannan shekara, minti ashirin da uku, kashi bakwai, wadda ta fara da miji da mata zaune a ɗaki da dare, ta ratsa yaƙi da wauta da ban dariya, ta kai ga fitinar ƙarshen zamani kamar yadda littafin Wahayin Yahaya na Kiristoci ya siffanta ta, ana buga tara-tara kamar tafiyar runduna mai ɗingishi. A ƙarshenta, in ana wasa, yakan yar da baƙin mayafi ya bayyana cikin fararen kaya masu ƙyalli, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, ka ji ta tana tsagewa a gefe-gefe amma ba ta karye ba. Kuma wannan tsagewar, wadda malamin waƙa zai kira aibi, ita ce ke sa mai sauraro ya gaskata shi.

Abin da ya ɗaukaka shi, shi ya raba shi da abokansa. 'Yan jarida suka riƙa rubutu kamar Genesis mutum ɗaya ne, alhali yawancin kiɗan na su Banks ne, tufafin wasan kuma suka yi yawa har akwai wanda ya hana makirfo isa bakinsa. Ga shi kuma an haifa masa 'ya cikin wahala, hankalinsa ya koma gida. A 1975 ya sallame su. Ɗaruruwan mutane suka nemi gurbinsa, ba a sami wanda ya dace ba, ashe abin nema yana bayan ganguna, domin makaɗinsu Phil Collins, wanda ya shekara biyar yana yi wa Gabriel amshi, shi ya gwada aka ga ya zauna daram, faifan da suka yi da shi a 1976 ya ma fi na baya kasuwa. Tun daga nan masoya Genesis suka rabu gida biyu, kuma ba a sasanta su ba har yau. Shi kuwa Gabriel sai ya juya fuskarsa zuwa Afirka da Asiya. A 1980 ya yi waƙar ta'aziyyar Steve Biko, wanda ya mutu a hannun 'yan sandan mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu a 1977. A 1982 ya shirya bikin WOMAD na farko don kawo makaɗan duniya gaban Turawa, inda makaɗan gangunan Burundi da Prince Nico Mbarga na Nijeriya suka yi wasa, aka kuma tafka asarar da sai da tsofaffin abokansa na Genesis suka sake haɗuwa da shi dare ɗaya suka tara kuɗin biyan bashi. A 1986 kuma ya sa Youssou N'Dour na Senegal a faifansa, abin da ya taimaka ƙwarai wajen sanar da Turai da Amurka wannan murya.

Akwai wani Anderson ɗin, Ian, ɗan Sikotland, jagoran Jethro Tull, ƙungiyar da aka sa wa sunan wani manomi na ƙarni na goma sha takwas wanda ya ƙago injin shuka. Shi da sarewa aka san shi, yana busa ta a tsaye kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe, muryarsa kuwa ta hanci ce, mai habaici. Da 'yan jarida suka dame shi da cewa faifansa na 1971 mai jigo guda ne, alhali shi bai nufi haka ba, sai ya ce bari ya ba su abin da suke nema, ya yi Thick as a Brick a 1972, waƙa ɗaya tal mai minti arba'in da 'yan kai, ya naɗe ta cikin jaridar ƙarya, ya jingina baitocin ga wani yaro ɗan shekara takwas wanda babu shi a duniya. Ba'a ya nufa, sai ga shi ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan abin da yake yi wa ba'ar. Peter Hammill na Van der Graaf Generator kuwa ba na kowa ba ne, don yakan tashi daga raɗa zuwa kururuwa cikin baiti guda. Mutanen ƙasarsa ba su yi tururuwa gare shi ba, amma faifansa Pawn Hearts na 1971 ya hau kan gaba a Italiya. A can Italiyar ma akwai Demetrio Stratos na ƙungiyar Area, Bagirke haifaffen Iskandariya ta Masar, wanda ya horar da maƙogwaronsa har yana fitar da sauti biyu a lokaci guda, ya rasu a 1979 yana da shekara talatin da huɗu. A Faransa Christian Vander na Magma ya ga harsunan duniya ba su ishe shi ba, ya ƙirƙiro nasa. Geddy Lee na Rush, ɗan Kanada, yana waƙa yana kaɗa jita da hannu yana taka wata na'urar da ƙafa, muryarsa kuwa mai tsini ce, ko ka so ta ƙwarai ko ka toshe kunne.

Mata ba su da yawa a wannan fage, amma biyu daga cikinsu ba a tsallake su. Annie Haslam ta shiga ƙungiyar Renaissance a 1971, bayan ta yi koyi a hannun wata gwanar waƙar opera, kuma ana cewa muryarta tana ratsa hawa biyar na ma'aunin sauti, alhali yawancin mutane biyu suke iyawa da ƙyar. Baitocinta wata mata ce mai suna Betty Thatcher ke rubutawa daga can Cornwall ta aiko ta gidan waya. Babban aikinsu na 1975 labari ne da ba baƙo ba gare mu, domin ƙissar Shaharzad ce ta Dare Dubu da Ɗaya, da sarkin da ke kashe amarya kowace safiya, suka mayar waƙa ta minti ashirin da huɗu, suka kuma kai ta zauren Carnegie na New York tare da taron makaɗa. Muryar Haslam garau take kamar ruwan ƙorama, ba ƙura ba tsakuwa, in tana da aibi shi ne ta cika tsabta.

Ta biyun ba jagorar kowace ƙungiya ba ce, kuma aikin da ya dawwamar da sunanta na dare ɗaya ne. A watan Janairu na 1973, 'yan Pink Floyd suna gab da gama faifansu The Dark Side of the Moon a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, suna da wani kiɗan fiyano na Richard Wright a kan mutuwa, sun rasa abin da za su ɗora masa. Injiniyansu Alan Parsons ya ce ya san wata yarinya mai waƙar haya, Clare Torry, 'yar shekara ashirin da biyar. Aka kira ta ranar Lahadi, ta tambayi abin da za ta rera, aka ce babu baiti, ba a ma son kalma ko ɗaya. Ta tsaya gaban makirfo ta rasa ta cewa, daga nan ta yi shawara a ranta ta mai da kanta abin kiɗa, ta saki murya: ta fara da ihu irin na wanda aka yi wa mugun albishir, ta hau, ta ƙara hawa, sa'an nan ta sauko sannu a hankali zuwa nishi da lallashi, kamar mai jinya da ya daina gardama da ajali. Da ta gama kunya ta kama ta, ta ga mutanen ba su ce uffan ba, ta karɓi ladanta fam talatin ta tafi gida tana zaton ba za a yi amfani da shi ba, sai da ta ga faifan a kanti ta duba ta ga sunanta. Faifan nan ya yi mako fiye da ɗari bakwai a jerin masu kasuwa na Amurka, aka sayar da miliyoyi. Sai a 2004 ta kai ƙara tana neman a san ta a matsayin wadda ta yi tarayya cikin tsara waƙar, aka yi sulhu a 2005, kuma tun daga lokacin ake buga sunanta kusa da na Wright.

Ba zan rufe ba sai na ambaci Robert Wyatt, tsohon makaɗin ganguna na Soft Machine, wanda ya faɗo daga tagar bene hawa na huɗu a watan Yuni na 1973, ƙafafunsa suka shanye. Ganguna suka gagare shi, ya koma ga murya, wata 'yar siririya mai rawa kamar ta mai jin sanyi, wadda ba za ta ci gasar kowa ba. Amma faifan da ya yi a keken guragu a 1974, Rock Bottom, yana cikin abubuwan da suka fi taɓa zuciya a wannan kiɗa duka. 'Yan Pink Floyd sun yi wasa sun tara masa gudummawa, makaɗinsu Nick Mason kuma shi ya kula da ɗaukar faifan.

Zamanin furog bai yi tsawo ba, domin wajen 1977 wasu matasa suka taso da kiɗan punk na Ingila, gajere, mai hayaniya, suka ce waɗannan dogayen ƙasidu girman kai ne na 'yan boko, kuma lalle akwai ƙamshin gaskiya a zarginsu, ko da yake jagoransu John Lydon ya fito a rediyo a wannan shekara ya yaba wa Hammill. In aka tambaye ni nawa gwanin, ba zan yi kwana-kwana ba: Anderson ya fi daɗin ji, Haslam ta fi ƙwarewa, amma Gabriel na ba, saboda shi ne wanda in ya buɗe baki nake mantawa da gwanintar makaɗa in koma sauraron mutum. Mai karatu da bai taɓa leƙa wannan fage ba, shawarata ya fara da waƙar nan ta Clare Torry, The Great Gig in the Sky, tunda ba ta bukatar Ingilishi kuma ba ta kai minti biyar ba. In ta karɓe shi, ya nemi daren da ba shi da baƙo, ya ajiye waya, ya ba Supper's Ready minti ashirin da ukunta cif, kada ya tsallake ko kashi ɗaya.